Yadda Yari Ya Rama wa Maigari

Matso nan, ja wancan buzun ka zauna. Kai ma da ke tsaye a bakin ƙofa shigo, wannan labarin ba a jinsa a tsaye. Zancen Yari mai fetur zan ba ku, na tashar Jega, mutumin da ya rama abin da aka yi masa bai ɗaga hannu ba, bai kuma yi ƙarya ko guda ba.

A Katanga aka haife shi, gidan manoman gero, amma fartanya ba ta zauna a hannunsa ba. Yana tasawa ya bi motocin albasa, yana ɗaure kaya, yana zuƙo mai da tiyo daga duro zuwa tanki idan an yi nisa da gari. Wata rana a hanyar Maiyama ya zamo daga saman kaya, ƙafarsa ta hagu ta karye. Aka ɗauke shi sai Aliero wurin masu ɗori, aka sauke shi a gidan Gwaggo A'i, ƙanwar mahaifinsa. A gidan akwai ɗanta Magaji, sa'an Yari, kuma taubashinsa.

To, kun dai san taubasai. Tun suna yawo ba wando kowa ke cewa ɗan uwansa bawansa ne. Magaji ya ɓoye wa Yari takalmi a masallaci, Yari ya zuba wa Magaji barkono a fura, manya su yi dariya su wuce. Amma ranar da mai ɗori zai ja ƙafar nan, Magaji ne ya rungume Yari ta baya, ya ce masa a kunne, "Ɗan Kawu, ciji kafaɗata." Yari ya ciza kuwa, har tabon bai ɓace ba. Daga ranar suka samu wata ƙa'ida tasu su biyu, wadda ba su taɓa zama sun tsara ba. In ɗaya ya ce "bawana", duk abin da ya biyo baya wasa ne, kada ka yarda da ko kalma. In kuwa Magaji ya ce "ɗan Kawu", ko Yari ya ce "ɗan Gwaggo", to an ajiye wasa, magana ce ta gaskiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙafa ta warke, amma ta bar masa ɗingishi, hawan mota ya ƙare. Ya kafa rumfa a bakin tasha, ya jera jarkoki da kwalaben fetur, ya auri Shafa'atu, suka zauna a Jega Firchin. Ba mai yawan magana ba ne. Abokin hirarsa guda, kuma ba mutum ba ne.

Wata shekara da ruwan gulbi ya janye, ya tsinci 'yar tarwaɗa a wani kwatami wajen Dangamaji, tana mutsu-mutsu a laka, ba ta fi yatsa ba. Ya sa ta a gwangwani ya kawo tasha. Ya sa aka yanka masa duro gida biyu, ya wanke rabin har ƙamshin mai ya fita, ya zuba ruwa a bayan rumfa. Mahauta na ba shi hanjin kaji, shi kuma yana yankawa ƙanana. Ya ware tiyo guda wanda bai taɓa ganin fetur ba, da shi yake sauya ruwa: ya tsoma kai ɗaya a duro, ya zuƙa, ya saki ɗayan a ƙasa, ruwa ya yi ta tafiya da kansa. Kifi ya girma, ya yi baƙi sumul, ya fitar da gashin baki zara-zara, sai Yari ya sa masa suna Maigari. In mutum ya wuce ta bayan rumfa, Maigari na ƙasa kwance abinsa. In ya ji takun nan mai ja da ƙafa guda, sai ya taso ya fito da kai. Direbobi har gwadawa suke yi, su kwaikwayi ɗingishin, kifi ko motsi.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, a watan da wasan taubasai ke zafi, Yari ya tafi Maiyama gaisuwar rasuwa. Ya dawo da yunwa bayan azahar, sai ga Magaji a rumfar Delu mai abinci, lokacin ya zama dillalin albasa, ya tara direbobi.

"Bawana, taho ka ci arzikin ubangidanka!" in ji Magaji.

Farfesun kifi ne, ya sha albasar Aliero. Yari ya zauna ya ci, ya ƙara, ya shanye romo, har ya ce wa Delu hannunta ya yi albarka. Yana suɗe yatsa Magaji ya ɗaga wani kwano da aka kife. Kan tarwaɗa ne a ƙarƙashi, da gashin bakinsa.

"Ya ka ji sarautar a ciki? Yau dai ka ci Maigari!"

Tasha ta ɗauka. Wani direba ya faɗo daga benci don dariya. Delu ta dafe ƙirji tana rantsuwa ba ta sani ba, ce mata aka yi daga gulbi aka kawo. Yari ya dubi kan nan, ya dubi Magaji. Yana jira ya ji ko da "ɗan Kawu, na wuce gona", bai ji ba. Sai shi ma ya buɗe baki ya yi dariya, don in taubashi ya yi maka, kuka abin kunya ne, ƙara kuma babu inda za ka kai. Ko da ya je wa Gwaggo A'i da zancen, cewa ta yi, "Haba Yari, kifi ne fa. Kai ma ka ci nashi in ka samu."

Kafin mako ya zagayo ba mai kiransa Yari mai fetur. Ci-Maigari ya koma. Masu lodi, mahauta, matan da ke sayen kananzir, har baƙon direba da bai san mafarin zancen ba. Yana amsawa, yana murmushi. Ya kife rabin duron nan ya mai da shi kujera, a kansa yake zama kullum. Kifi kuwa bai ƙara shiga bakinsa ba. Shafa'atu ta taɓa ce masa, "Malam, ka yar da duron nan mana, ko zuciyarka ta huta." Ya ce mata, "Bar shi nan. Shina tuna mani abu."

Shekaru suka ɗan ja. Albasa ta yi wa Magaji rana, ya je Makka, ya gina gida a Aliero mai falo kamar filin ƙwallo. A wata tafiya Ikko ya ga akwatin gilashi a gidan wani abokin cinikinsa, da kifaye ja da ruwan zinariya suna yawo a ciki, masu jela kamar gyale. Ya ce shi ma sai ya ajiye. Aka lulluɓo akwati da katifu a kan buhunan albasa, kifaye a jarka gaban mota. Mai sayarwa ya gaya masa zafin arewa na sa musu ciwon fata, sai ana ɗiga musu wani magani shuɗi kaɗan-kaɗan. Tunda Magaji ba mazauni ba ne, ya haɗa masa da na'ura mai ɗigawa da kanta. 'Yar aba ce kamar rediyo, da agogo a jiki, da siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti. Kai ɗaya a kwalbar magani, ɗayan a cikin akwati. Na'urar na matse tiyon, in lokaci ya yi ta saki ɗigo ta sake matsewa.

A Ikko kwalbar na ƙasa, cikin durowar da akwatin ke kai. Amma Magaji ya ce ina amfanin sayen abu mai tsada a ɓoye shi kamar kayan sata? Ya kira kafinta ya kafa masa kanta a bango, sama da akwatin, aka ɗora na'ura da kwalba, shuɗin na ƙyalli, kowa ya shigo ya gani.

Ana saura kwanaki walimar shiga gida, ya aika wa Yari ya zo ya ga abin da bayi ba sa gani. Yari ya je. Kada ku ce bai ji komai ba da ya ga kifayen. Ya durƙusa a gaban gilashi ya daɗe, har ya ɗora yatsa, wani ja mai farin ciki ya biyo yatsan. Sannan ya ɗaga kai ya ga kwalba a sama. Ya bi tiyo da ido tun daga wuyanta har inda ya nutse a ruwa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa da tiyo a baki ba sai an yi masa bayani ba. Ana cikin haka wuta ta ɗan ƙifta ta dawo, kamar yadda ta saba, ya ga a ɗan tsakanin nan wani zaren shuɗi ya sulale cikin ruwa. Ashe da wuta na'urar ke matse tiyon. In wuta ta tafi, hannunta ya saki, abin da ke sama kuma ba ya jiran izini.

Yari ya ji ɗanɗanon romon nan ya dawo masa a harshe.

A falon akwai kafinta, da wasu dillalai biyu, da Gwaggo A'i a kan darduma tana jan carbi. Yari ya miƙe, ya gyara hula, ya saki murya yadda kowa zai ji.

"Bawana, arziki ya zo maka, hankali bai samu mota ba. Sauke kwalbar ga ƙasa, ta koma ƙarƙashin akwati. Kada ka cika ta, zuba ɗan abin da ko duka ya juye ba ya kashe su, kuma ka sirka da ruwa. Fid da bakin tiyo daga cikin ruwa. Kafin ka yarda da ita, sa tiyon a bokiti, kashe wuta, ka ga abin da za ta yi. In ba haka ba, ranar da anka ɗauke wuta ka yi ta'aziyya."

Dillalai suka kwashe da dariya. Magaji ya fi su.

"Kun ji Ci-Maigari! So shikai in aje kwalba ƙasa shi taka ta da gurguwar ƙafa. Wanda nashi kifi yaƙ ƙare a cikinshi, shi za ya koya mani kiwo?"

Amma da dariyar ta lafa, Magaji ya dubi kantar, ya dubi Yari. Wani abu ya taɓa shi. Ya matso, ya rage murya.

"Kai, tsaya. Wagga magana, da gaske kake?"

Nan ne fa. Kalma biyu kawai ake nema. "Ɗan Gwaggo" na kan harshen Yari, yana jin nauyinta. Da ya faɗa, kafinta na nan da gudumarsa, kafin la'asar an sauke kwalba. Ya dubi jan kifin nan da ya biyo yatsansa. Ya dubi kafaɗar Magaji inda tabon haƙoransa yake a ƙarƙashin riga. Sai kuma ya ga kwano a kife, da hannun Magaji yana ɗaga shi. Ya washe baki har kunne.

"Da gaske mana, bawana. Na taɓa yi maka ƙarya?"

Magaji ya sheƙe da dariya, ya daki bayansa. Ya ce wa kafinta ya ƙara ƙusa a kantar, kada maƙiya su girgiza ta. Kuma tunda washegarin walima zai bi motoci kudu ya daɗe, ya sa aka cika kwalbar har wuya, magani tsantsa ba sirki.

Da Yari ya koma gida ya ba Shafa'atu labari, ta ajiye ludayi ta dube shi. "Malam, ka gaya mashi ko ba ka gaya mashi ba?" Ya ce, "Gaban shaidu huɗu, har da uwarshi." Ta ce, "Na san irin gayawarka."

Ranar walima aka kafa rumfuna a ƙofar gida. Mutanen tashar Jega sun zo mota guda, dillalai daga Maiyama, manoman albasa da rigunan sallarsu. Delu aka ɗauko ta yi girki. Magaji ya sha farar shadda mai ɗinkin hannu, yana shigar da baƙi rukuni-rukuni su ga kifi da na'ura, yana cewa ita ke ba su magani ko shi yana Ikko, ba ta barci, ba ta mantuwa. Da aka sauke abinci kowa ya fito waje aka ja ƙofar falo. Ana tsakiyar ci fankokin rumfa suka yi juyi biyu suka tsaya.

Yari na zaune a gefe da kwanonsa. Ya ci gaba da cin shinkafarsa a hankali, yana tsince ƙashi.

Aka je tayar da janareta, ashe babu mai a ciki, lokacin ana fama da ƙarancin fetur. Aka yi ta cacar baki kan wanda aka ba aikin. Can Magaji ya hango taubashinsa.

"Ci-Maigari! Tashi ka yi aikin da anka haife ka dominshi. Zuƙo muna daga motata."

Yari ya wanke hannu, ya goge, ya nemi tiyo, ya ce wannan ya yi gajere a kawo wani. Aka kawo. Ya ja ƙafarsa zuwa motar, mutane na biye da shi da ido. Ya tsoma kai ɗaya a tanki, ya zuƙa, ya tofar, ya saki ɗayan a jarkar da ke ƙasa. Fetur ya kama gudu. Ya naɗe hannuwansa a ƙirji ya ja da baya.

"Dubi ikon Allah, bawana. Ba wuta, ba inji, hannuna ma ba ya kai. Na sama shina zuba ga na ƙasa, kuma ba ya tsayawa sai ya ƙare."

Magaji ya buɗe baki zai mayar da baƙar magana. Idonsa na kan tiyon. Bakin ya tsaya a buɗe. Ya dubi tanki, ya dubi jarka, ya dubi fuskar Yari. Sai ya tattare riga ya zura a guje, hula ta faɗi bai waiwaya ba.

Jama'a suka bi shi. Kwalba a kan kanta wayam, sai ɗan shuɗi a gindi. Akwatin gilashi kuwa ya koma kamar rijiyar marina, ba ka ganin komai sai fararen cikkuna suna yawo a sama. Magaji ya zuba hannu biyu har kafaɗa yana lalube, yana kwasowa, yana kiran a kawo ruwa. Da ya juyo, hannun riga, gaban riga, gemu, duk sun rine, ga matattun kifaye a tafin hannu. Sai Delu, wadda ta daɗe da nata haushin na sa ta dafa abin da ba ta sani ba, ta leƙo da ludayi a hannu.

"La ilaha! Alhaji, wa yat tsoma ka a bula?"

Mutanen tasha ba su iya riƙewa ba. Direban nan da ya taɓa faɗowa daga benci, wannan karon bango ya dafa. "Alhaji Bula!" in ji wani daga baya, sunan ya zagaye falo ya fita waje.

Yari ya ratso su. Ya tsaya gaban Magaji, ya leƙa abin da ke hannunsa.

"Delu, akwai sauran albasa? Ga ubangidan walima ya kawo kayan farfesu."

Magaji bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, yadda na kusa kawai suka ji, "Ɗan Kawu. Ka sani?"

"Na gaya maka gaban Gwaggo. Ƙasa, kaɗan, sirki, bokiti. Wanne na rage?"

"Ɗan Kawu, ba shi nat tambaye ka ba."

Yari ya dube shi ido cikin ido. Shekarun nan duka ya jira a yi masa wannan kiran.

"Ɗan Gwaggo, Maigari ya san takuna."

Yari ya sunkuya, don a cikin waɗanda aka watsar a ƙasa ya ga guda na buɗe baki yana rufewa, jan nan mai farin ciki. Ya ɗauke shi ya sa a kwanon wanke hannu, ya sauya ruwa, ya sake sauyawa. Ba wanda ya hana shi fita da shi. Washegari mutanen tasha suka tarar an juyo da rabin duro, an cika shi da ruwa, Yari na zaune a kan jarka. Kifin ya rayu. Sunan da ya sa masa shi ne Magaji. Kullum da hantsi, lokacin da motocin Aliero ke lodi, sai ka ji shi yana cewa, "Magaji, taho ka ci tsaki, bawan Allah." Ci-Maigari kuwa ya mutu a bakin mutane, don sun samu wanda ya fi shi daɗin faɗi. Har yaran da aka haifa daga baya, in ka ce Alhaji Magaji sai su ce wanne, in ka ce Alhaji Bula su nuna maka gidan.

Magaji ya sake sayo kifi. Waɗanda suka shiga falon sun ce an cire kanta, kwalba na ƙasa da ɗan magani sirkakke a gindinta, bakin tiyo na rataye sama da ruwa, kuma duk sa'ad da zai yi tafiya sai ya sa bokiti ya kashe wuta ya tsaya yana kallo. Bai bar ko ɗaya daga abin da aka gaya masa ba. Abu guda ya bari. Bai ƙara ɓoye wa Yari takalmi ba, bai ƙara ce masa bawa ba, bai kuma ƙara ce masa ɗan Kawu ba. In sun haɗu a suna ko jana'iza, sai ya miƙa hannu da ladabi ya ce, "Malam Yari, ina gajiya, ina iyali?" kamar wanda suka haɗu jiya a mota.

Shafa'atu ta tambayi mijinta ko ya yi nadama. Ya ce a'a, kuma ranar ya aika aka sayo tarwaɗa ta yi masa farfesu, ya ci har ya ƙara. Ta ce ta yarda ya ci. Abin da ta lura kawai, duk ranar Juma'a in sun je Aliero gaida Gwaggo, yakan ajiye takalminsa a bakin masallaci inda kowa zai gani, ya fito ya tarar da su yadda ya bar su, ya ɗan tsaya a kansu kafin ya sa.

To ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, ku raba mana gardama: mutumin da ya gaya maka gaskiya tsaf, amma ya zaɓi muryar da ya san ba za ka yarda da ita ba, gargaɗi ya yi maka ko tarko ya ɗana?